Masu Zanen Kogin Sen: Yadda Ranar Hutu Ta Shiga Tarihi

A tsakiyar ƙarni na 19, mai zane a ƙasar Faransa hanya guda yake da ita ta yin suna da samun abin sawa a baki, ita ce a karɓi aikinsa a babban baje kolin hukuma na birnin Paris, wanda ake kira Salon. Alƙalai ne ke tace ayyukan, yawancinsu dattawan makarantar zane ta gwamnati, kuma suna da ma'auninsu. A wurinsu zanen da ya fi daraja shi ne na yaƙe-yaƙen sarakuna, da labaran addini, da almarar Girkawa da Romawa. A cikin ɗaki ake yin sa, a shafe watanni ana gyara, a lailaye shi sumul har ba a ganin sawun burushi. Zanen gona ko na bakin kogi yana can ƙarshen layi. Ma'aikacin kanti da ya fita shan iska ranar Lahadi kuwa, ba wanda ya ɗauka ya cancanci a ɓata fenti a kansa.

Wannan tarihi na wasu samari ne da suka ƙi bin wannan ma'auni, suka ɗauki kayan aikinsu suka tafi bakin kogin Sen, suka zana abin da idonsu ya gani: ruwa, da rana, da jirage, da jama'ar gari suna hutawa. An yi musu dariya, sun sha talauci, amma aikinsu ne ya ajiye wa duniya kamannin wani zamani da ya shuɗe.

Abubuwan da suka share hanya

Na farko jirgin ƙasa ne. A 1837 aka buɗe layin dogo daga Paris zuwa yamma, wajen Saint-Germain, a 1851 kuma layi ya isa wani ƙaramin gari mai suna Argenteuil, mai gonakin inabi da kayan lambu, kimanin kilomita 11 daga tsakiyar birni. Tafiyar ta koma ta minti 15. Daidai garin, kogin Sen yana da faɗi da zurfi, kuma ya miƙe ba lanƙwasa, don haka ya dace da jiragen ƙyalle, wato waɗanda ake kafa wa doguwar sanda a ɗaura farin ƙyalle mai faɗi, iska ta riƙa tura su. A 1858 aka kafa ƙungiyar masu tseren irin waɗannan jirage a wurin, kuma lokacin babban baje kolin duniya na 1867 a nan aka yi gasar tsere. Ranar Lahadi akawuna, da teloli, da 'yan kasuwa, da ɗalibai sukan cika taragu su sauka a garuruwan bakin kogi, wasu su yi hayar kwalekwale, wasu su yi iyo, wasu su zauna ƙarƙashin bishiya su ci abinci.

Na biyu kwanson fenti ne. A da mai zane shi ke niƙa launinsa ya kwaɓa da mai, ya ɗure a mafitsarar alade, in ya huda ta sai ragowar ta bushe. A 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro kwanso na kuza da ake matsewa kamar na man goge baki. Daga nan mutum na iya zuba launukansa a jaka ya tafi inda ya ga dama.

Na uku sababbin launuka ne. Masana haɗa sinadarai sun samar da shuɗi mai haske, da rawaya mai ƙarfi, da kore garau, a farashin da ɗalibi zai iya saye. Wani masani mai suna Michel-Eugène Chevreul, wanda shi ne shugaban marinar masaƙar Gobelins ta gwamnati, ya wallafa littafi a 1839 yana bayanin yadda launi ke sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa: shuɗi yakan ƙara fitowa kusa da ruwan goro, ja yakan ƙara ƙarfi kusa da kore. A wannan shekarar kuma aka bayyana na'urar ɗaukar hoto ga jama'a. Tunda na'ura ta iya kwafar fuska da gini daidai, sai masu zane suka fara neman abin da ita ba ta iya kamawa a lokacin, wato launi da motsin haske.

Samarin da suka haɗu a 1862

Claude Monet, haifaffen 1840, ya tashi a Le Havre, garin tashar jiragen ruwa, inda wani mai zane, Eugène Boudin, ya ja shi bakin teku ya koya masa aiki a fili. A 1862 ya shiga ɗakin koyarwa na Charles Gleyre a Paris, ya tarar da Auguste Renoir, ɗan tela wanda ya fara sana'a da zana furanni a jikin tangaran, da Alfred Sisley, wanda iyayensa Ingilawa ne, da Frédéric Bazille, ɗan masu hali daga kudancin ƙasar. Suka kuma haɗu da Camille Pissarro, wanda ya girme su duka, da Berthe Morisot, mace mai basira wadda ta tsaya tare da su har ƙarshe. Jagoran da suke kallo shi ne Édouard Manet, wanda aikinsa ya tayar da ƙura a 1863, shekarar da alƙalan Salon suka ƙi ayyuka masu yawan gaske har Sarki Napoleon na Uku ya ba da umarni a buɗe wa waɗanda aka ƙi baje koli na dabam.

A lokacin zafi na 1869, Monet da Renoir suka kafa allunansu kusa da juna a wani wurin wanka da hayar kwalekwale mai suna La Grenouillère, kusa da Bougival. Dukansu biyu aljihu babu komai, har Renoir kan ɗauko burodi daga gidan iyayensa ya kai wa iyalin Monet. A nan suka ci karo da matsalar da ta haifi salonsu. Ruwan kogi ba ya tsayawa, gajimare na wucewa, mutane na shiga suna fita, kafin ka gama lailaye kusurwa guda hasken ya riga ya sauya. Sai suka koma ɗora fenti da sauri, gajerun shafe-shafe kusa da juna, fari nan, shuɗi nan, kore can, ba tare da cuɗa su ba. In ka matso kusa da allon, tabo kawai za ka gani. In ka ja da baya, ido da kansa yakan haɗa su, sai ka ga ruwa yana ƙyalli. Sun kuma lura inuwa a fili ba baƙa ba ce, tana ɗauke da shuɗi ko shunayya daga sararin sama, don haka suka rage amfani da baƙin fenti.

Yaƙi da komawa bakin kogi

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prusiya, wadda ke jagorancin ƙasashen Jamusawa. Aka kashe Bazille a fagen fama a watan Nuwamba, bai cika shekara 29 ba. Monet da Pissarro suka gudu Landan. Sojojin Jamus suka mamaye gidan Pissarro a Louveciennes, suka lalata mafi yawan ayyukan da ya bari. Sai dai gudun hijirar ya zo da alheri guda: a Landan suka haɗu da dillalin zane Paul Durand-Ruel, wanda ya shafe shekaru yana sayen ayyukansu ba mai tayawa, har ya kusa karyewa.

A watan Disamba na 1871 Monet ya kama hayar gida a Argenteuil tare da matarsa Camille da ɗansu Jean. Gadojin garin biyu, ta jirgin ƙasa da ta mutane, yaƙi ya rusa su, ana kan sake gina su. Ya zauna a nan har farkon 1878, kuma a wannan tsakani ya yi zane fiye da 150 na garin da kewayensa. Ya sayi kwalekwale ya gina masa ɗan ɗaki, ya mayar da shi wurin aiki, dabarar da wani mai zane, Charles-François Daubigny, ya riga shi yi tun 1857. Da wannan kwalekwale yake shiga tsakiyar kogi ya zauna daidai da fuskar ruwa.

Cikin ayyukan wannan lokaci akwai na tseren jirage a Argenteuil, wanda ya yi wajen 1872. Faɗinsa bai kai mita guda ba. Jirage ne da farin ƙyalle a hagu, gidaje masu jan rufi da korayen bishiyoyi a dama, sama kuma shuɗiya fes. Rabin allon na ƙasa ruwa ne, kuma a nan gwanintar take: kamannin kowane ƙyalle da kowane rufi a cikin ruwa, shafe ne masu faɗi a kwance, kowanne da launinsa, tsakaninsu shuɗi. Bai zana igiyar ruwa ko guda ba, amma mai kallo yana jin ruwan na motsi. A wasu ayyukan kuma ya haɗa tsoho da sabo a allo guda: jirgin ƙyalle yana wucewa ƙarƙashin gadar ƙarfe, jirgin ƙasa a samanta yana tunƙuƙa hayaƙi.

Lokacin zafi na 1874 ya tara su a wuri guda. Renoir ya zo ya zauna da Monet suna zana jirage iri guda, kowa da hannunsa. Manet, wanda danginsa ke da gida a Gennevilliers a ɗaya gaɓar, shi ma ya fito fili, ya zana Monet yana aiki cikin kwalekwalensa, Camille na zaune a ƙofar ɗan ɗakin. Ya kuma yi babban zane na wani matuƙi da wata mata zaune a bakin mashigar jirage. Da aka nuna shi a Salon na 1875, 'yan jarida suka yi ta ba'a wai ba a taɓa ganin kogi mai shuɗi haka ba.

Baje kolin 1874

Da suka gaji da wulaƙancin alƙalai, sai suka kafa ƙungiyar kansu. Ranar 15 ga Afrilu 1874 suka buɗe baje koli a tsohon ɗakin ɗaukar hoto na Nadar, a titin Capucines, masu zane wajen 30 da ayyuka kimanin 165, kuɗin shiga faran guda. Cikin abin da Monet ya kai akwai zanen fitowar rana a tashar Le Havre. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki sunan zanen ya yi musu laƙabin ba'a a jaridar Le Charivari, ya kira su Imfireshonis, yana nufin ba su iya gama aiki ba, kallon farko kawai suke shafawa. Laƙabin ya bi su, daga baya suka rungume shi. Wata guda aka yi, mutum wajen 3,500 suka shiga, ciniki bai taka kara ya karya ba, kafin shekara ta ƙare ƙungiyar ta rushe da bashi. Gwanjon da suka yi a 1875 ya fi muni. Shi kansa zanen fitowar ranar, wanda aka saya faran 800, da aka sake sayar da shi a 1878 faran 210 ya yi. Duk da haka ba su saki ba, sun yi baje koli takwas tsakanin 1874 da 1886.

Mutumin da ya riƙe su a waɗannan shekaru shi ne Gustave Caillebotte, mai zane wanda ya gaji dukiya. Yana sayen ayyukan abokansa da gangan, musamman waɗanda ba mai so, yana biya wa Monet kuɗin haya. Shi kansa gwanin tuƙi ne, ya ci gasa da yawa, ya tsara jirage fiye da ashirin, ya kuma zauna a Petit-Gennevilliers daura da Argenteuil. Zanensa na masu tuƙin kwalekwale yana sa mai kallo ya ji kamar yana cikin jirgin, gwiwa da gwiwa da matuƙi. Berthe Morisot kuwa, da yake al'adar lokacin ba ta bar macen gidan mutunci ta yi ta yawo ita kaɗai ba, ta zana abin da ke kusa da ita: a 1879 ta yi zanen mata biyu cikin kwalekwale a tabkin dajin Boulogne, agwagi na iyo gefensu.

Aikin da ya fi shahara a wannan fanni na Renoir ne, wanda ya yi tsakanin 1880 da 1881 a barandar gidan abinci na iyalin Fournaise a Chatou: matuƙa da abokansu su 14 sun gama cin abincin rana. Caillebotte na zaune a dama da singileti da malafa, Aline Charigot, wadda Renoir ya aura daga baya, tana wasa da ɗan kare a hagu, ɗan mai gidan ya jingina da dogarin baranda, ta bayansu kuma ana hango jirage ta tsakanin ganye. Al'adarsu ta ci da sha da cuɗanya daban take da tamu. Abin lura a nan shi ne, mai kuɗi da 'yar ɗinki da ɗan jarida da ɗan mai gidan abinci duk suna allo guda, ba sarki ba janar, kuma an ba su girman allon da a da sai manyan yaƙe-yaƙe ake ba wa.

Kogin ya sauya, zanen ya rage

Tun Monet na zaune a Argenteuil wurin ya fara lalacewa. Manyan magudanan ƙazantar Paris suna zuba cikin kogi a wajen Clichy da Asnières, sama da garin kaɗan, masana'antun ƙarfe da na sinadarai suna cinye gonaki. Monet ya tashi a 1878 ya yi ƙasa zuwa Vétheuil, inda Camille ta rasu a 1879, sannan ya koma Giverny a 1883. La Grenouillère ta ƙone a 1889. Ƙungiyar tseren jirage ta ƙaura ƙasa wajen Meulan a farkon shekarun 1890. Gidan abincin Fournaise ya rufe a 1906. A 1923 aka haramta iyo a kogin cikin birnin Paris, kuma sai a watan Yuli na 2025 aka sake buɗe shi ga jama'a, bayan an kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace shi. Wanda yake son sanin yadda Lahadin Argenteuil take a 1874, ba inda zai gan ta da launinta sai a waɗannan alluna.

Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse. A 1886 Durand-Ruel ya kai ayyuka kusan 300 New York, Amurkawa suka saya, kasuwa ta buɗe. Caillebotte ya rasu a 1894 ya bar wa ƙasa tarin da ya saya, aka yi ta gardama kafin hukuma ta karɓi 38 daga ciki, har da zanen tseren jiragen nan na Monet. Ba kowa ya sha romon ba: Sisley ya rasu cikin talauci a Janairun 1899, shekara guda bayan haka aka sayar da zanensa na ambaliyar Port-Marly faran 43,000. A 1923 wani mai suna Duncan Phillips ya sayi zanen Renoir na matuƙa dala 125,000 ya kai Washinton. A 2008 zanen Monet na gadar jirgin ƙasa ta Argenteuil ya haura dala miliyan 41 a gwanjo. Yau mafi yawan tarin ƙasar Faransa yana gidan tarihi na Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan zane a 1986.

Mu kuma fa?

A shekarun da Monet ke Argenteuil, Sarki Tanimun ne ke mulkin Damagaram, mai ganuwa da bindigogin da maƙeransa suka zuba, ayarin raƙuma na shiga da fita tsakanin Kano da Tarabulus, Kance tamu kuma tana cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin ikonsa. Labarin wannan zamani muna da shi a bakin maroƙa da littattafan malamai. Kamanninsa kuwa, ɗan abin da ya rage baƙi ne suka ajiye. Matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Zinder ta Damagaram a ƙarshen 1852, ya yi zane-zanen hanya, wani mai zane Bajamushe, Bernatz, ya gyara su a Turai aka sa a littafinsa. A 1899 sojojin Faransa suka ci Damagaram, ƙasar nan da 'ya'yanta ke tsere a kogin Sen ita ce ta zo mana da bindiga, kuma hotunan farko na Birnin Zinder a hannun hafsoshinta suka fito. Sun ɗauki abin da ya dame su: ganuwa, da fada, da kasuwa, da sojojinsu. A 1926, shekarar da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka kai Yamai, Monet ya rasu yana da shekara 86.

Hannun zane ba baƙo ba ne a wurinmu. Adon bangon gidajen Birni a Zinder, da aikin wuyan riga, da sassaƙar ƙwarya, da launin dukawa a kan fata, duk shaida ne na ido da ya san launi da tsari. A Zariya ma, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiya suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana rayuwar gida. Wanda ke da damuwa kan zana mai rai, malamai na nan ya tambaya, kuma fili na da faɗi: mafi yawan abin da ya ɗaukaka Monet ruwa ne da bishiya da sararin sama.

Kance ba ta da kogi mai ɗaukar jirgin ƙyalle. Tana da fadamun Korama da gonakin rake, da lambunan rani, da tabkunan da ke cika da damina yara su yi ta iyo, da dandalin kokawa bayan girbi, da hawan Sallah a ƙofar fada. Gaba kaɗan akwai tabkin Gidimuni da na Madarunfa, a Yamai kuma masunta na tuƙa kwalekwale ƙarƙashin gadar Kennedy da yamma. Waɗannan ma suna sauyawa: rairayi na cike fadamu, gari na cin gonaki, wasannin dandali na raguwa. Abin da muke gani kullum har muka daina lura da shi, jikokinmu za su neme shi.

Don haka kira nake yi ga malaman makarantun Kance da Matameye su riƙa fita da yara fili da takarda da launi, ga iyaye kada su tsawata wa yaron da suka ga yana zane, ga masu hali kuma su sayi aikin matasanmu tun suna da rai, yadda Caillebotte ya yi wa abokansa. Kai kuma matashi mai hannu, ko fenti gare ka ko alli ko wayar ɗaukar hoto, je fadamar garinku ka zauna ka zana ta yadda ka gan ta, ka rubuta sunan wurin da shekara a ƙasa, ka adana. Allah Ya sa albarka a hannunka.